Mantuwa da mutuwar jiki bayan barin shaye-shaye ga mai ɗauke da HIV da ciwon hanta: daga ina matsalar take?

Mai Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka san harkar lafiya, da waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan lalura, su taimaka mini da bayani. Ƙanena ne, shekarunsa sun ɗan haura talatin. Ya daɗe cikin shaye-shaye. Ya fara da giya da ƙwayoyi tun yana saurayi, daga baya ya koma yi wa kansa allurar hiroyin, kuma ta wannan hanyar ce likitoci suke kyautata zaton ya kamu da ƙwayar cutar HIV da ciwon hanta nau'in C. Yanzu ya haura shekara da barin allura da giya. Yana karɓar metadon kullum, wato maganin da asibiti ke bayarwa a madadin hiroyin don kwantar da ƙishirwarta, yana shan maganin HIV ba fashi, kuma gwajin baya-bayan nan ya nuna ƙwayar cutar ta yi ƙasa har na'ura ba ta iya gano ta a jininsa. Maganin hantar ne ba a fara ba tukuna.

A takarda komai lafiya lau, amma mutumin da nake zaune da shi ba shi ne wanda na sani ba. A da mai saurin fahimta ne, ga surutu da barkwanci. Yanzu idan aka yi masa tambaya sai ya yi jim kafin amsa ta fito. Yakan ɗora ruwa a wuta ya manta har tukunyar ta ƙone. Saka maɓallan riga yana ɗaukar sa lokaci, rubutun hannunsa ma ya ƙanƙance ya karkace. Abin da ya fi damuna shi ne babu abin da ke faranta masa rai. Ko albishir aka yi masa, "to" kawai zai ce, ya koma ya kwanta.

Dangi sun rabu biyu. Wasu sun ce ƙwaya ce ta riga ta cinye masa ƙwaƙwalwa, sai dai haƙuri. Wasu kuma sun ce lalaci ne da son a ji tausayinsa. Shin ƙwayar cutar HIV tana iya taɓa ƙwaƙwalwa ko da ba a ganin ta a jini? Ko kuwa tabon shaye-shayen ne? Ciwon hantar yana da hannu a ciki? Abin da na fi son sani kuma, akwai fatan ya dawo daidai, ko mu fara sabawa da yadda yake?

Likitan Jijiyoyi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ba zai yiwu a yanke hukunci a kan mutumin da ba a duba ba, amma zan iya bayyana miki yadda likita yake tunkarar irin wannan lamari, domin ki san abin da za ki nema idan kun koma asibiti.

Amsar tambayarki ta farko ita ce eh. Ƙwayar cutar HIV tana shiga ƙwaƙwalwa da wuri, cikin makonnin farko bayan kamuwa, tun mutum bai san yana ɗauke da ita ba. Akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa wanda yake hana abubuwa da yawa wucewa, sai dai ƙwayar cutar tana ɓuya a cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da aka yarje wa shiga, su tsallaka da ita. Ba ta kama ƙwayoyin jijiyar da muke tunani da su kai tsaye. Tana zama ne a cikin ƙwayoyin garkuwar da ke tsaron ƙwaƙwalwa, waɗanda ake kira maikurogiliya, da ire-irensu da ke kewaye da hanyoyin jini. Waɗannan ƙwayoyi suna da tsawon rai, kuma da zarar sun harbu sai su riƙa fitar da sinadaran kumburi, ita ma ƙwayar cutar ta saki wasu furotin nata masu guba, irin su Tat da gp120. Kamar gida ne da ɓarawo ya shige ɗakin masu gadi, kokawar da ake yi da shi ita ce take farfasa kayan gidan.

Wuraren da suka fi shan wahala su ne dunƙulen ƙwayoyin da ke can tsakiyar ƙwaƙwalwa, masu daidaita motsi da saurin tunani, da kuma hanyoyin da suka haɗa su da ɓangaren goshi. Shi ya sa alamomin suka sha bamban da na mantuwar tsufa. Mutum yakan yi nauyin tunani, ƙananan ayyukan yatsu su yi masa wuya, ya kasa haɗa abu biyu a lokaci guda, himmarsa ta mutu, amma idan aka ɗan tuna masa abin da ya manta sai ya dawo masa. Maganar maɓallan riga da rubutun hannu da kika yi ta ja hankalina saboda wannan dalili.

Kafin a samu haɗaɗɗen maganin HIV a 1996, mummunan taɓin ƙwaƙwalwa yana cikin abubuwan da aka fi tsoro a matakin ƙarshe na kanjamau. Tun a 1986 likitoci a Amurka suka bayyana shi a matsayin lalura mai zaman kanta. Maganin ya kusan kawar da wannan mataki mai tsanani. A 2007 aka wallafa ma'aunin da masana suka tsara a garin Farascati na Italiya, wanda ya kasa matsalar gida uku: wadda gwaji ne kaɗai ke gano ta, wadda take ɗan taɓa ayyukan yau da kullum, da mai tsanani. Wani babban bincike da aka yi a Amurka mai suna CHARTER, wanda ya fito a 2010, ya duba mutum 1,555, ya samu kusan rabinsu da wani rauni a gwajin tunani, amma mataki mai tsanani bai wuce kashi 2 cikin 100 ba a tsakanin waɗanda ba su da wasu manyan dalilai na daban. Wannan "rabi" ya tsorata mutane da yawa, kuma a ganina ya fi ƙarfin gaskiyar lamarin, domin ma'aunin yana da sassauci ta yadda hatta masu ƙoshin lafiya da dama za su iya faɗawa cikinsa, balle wanda aka yi wa gwajin da harshen da bai ƙware a kai ba, ko wanda karatunsa bai yi nisa ba.

Akwai lamba ɗaya da nake so ki nemo a cikin fayil ɗinsa, wato mafi ƙarancin adadin ƙwayoyin garkuwa na CD4 da ya taɓa sauka kafin ya fara magani. Wanda ya sauka ƙasa da 200 kafin a gano shi ya fi yiwuwar ɗauke da tabon ɓarnar da aka yi a wancan lokaci, ko da jininsa ya yi kyau a yau. Tabo daban ne, ciwon da ke ci gaba da ci daban ne, kuma bambanta su shi ne babban aikin likita. Wani lokaci, ba kasafai ba, ƙwayar cutar takan ci gaba da hayayyafa a cikin ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa alhali jini ya nuna babu; ana gano hakan ne ta ɗibar ruwan ƙashin baya, kuma sauya magani yakan gyara shi.

Duk da haka, ba a ɗora laifi a kan HIV sai an kawar da sauran dalilai, kuma a wajen ƙanenki suna da yawa. Ciwon damuwa ya ninka sau biyu ko fiye a tsakanin masu ɗauke da HIV idan aka kwatanta da sauran jama'a, kuma shi kaɗai yana iya kawo nauyin tunani da mantuwa da rashin jin daɗin komai. Giya ta dogon lokaci tana jawo ƙarancin sinadarin tayamin, wato bitamin B1, wanda ƙwaƙwalwa ba ta aiki sai da shi. Tunjere, idan ya daɗe ba a yi maganinsa ba, yana hawa ƙwaƙwalwa, kuma allurar fenisilin tana kashe shi. Ga ƙarancin jini, ga ƙarancin bitamin B12, ga raunin aikin tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya mai daidaita kuzarin jiki, ga rashin ingantaccen barci. Duk waɗannan ana iya bincikarsu da gwaje-gwaje masu sauƙi, kuma akasarinsu suna da magani. Ki nemi a yi masa gwajin tunani na taƙaice, irin MoCA mai maki 30 wanda ba ya wuce kimanin minti goma, a ajiye sakamakon, a maimaita bayan wasu watanni. Alƙiblar da makin ya nufa ta fi makin kansa muhimmanci.

Abu na ƙarshe ba na jira ba ne. Idan ya yi ciwon kai mai naci da zazzaɓi, ko wuyansa ya sandare, ko ya yi jijjiga, ko ɓarin jikinsa ya yi rauni, ko ya ruɗe farat ɗaya, a kai shi asibiti a ranar, domin sanƙarau na tarin fuka ko na ƙwayar kiriftokokus ba sa ba da lokaci.

Ma'aikaciyar Farfaɗowa ta amsa:

Likita ya cika ɓangarensa, ni kuma zan tsaya a kan "to" ɗin nan da yake cewa ya koma ya kwanta, domin na gan shi a wajen mutane da yawa waɗanda ba su da HIV ko kaɗan.

A cikin ƙwaƙwalwa akwai hanyar da take sa mutum ya ji wani abu ya cancanci a tashi a neme shi. James Olds da Peter Milner ne suka fara cin karo da ita a Jami'ar McGill ta Kanada a 1954, lokacin da suka ga ɓeraye suna ta danna wani maɓalli domin a tsikari wannan wuri da lantarki. Sinadarin da ke ɗaukar saƙo a hanyar shi ne dofamin. Abinci da hira da cin nasara a aiki suna sa a saki dofamin daidai gwargwado, su kuwa miyagun ƙwayoyi suna sa a sake shi fiye da kima, a kai a kai, shekara da shekaru. Ƙwaƙwalwa ba ta zuba ido. Tana kare kanta ta hanyar rage yawan wuraren da ke karɓar saƙon. Hotunan ƙwaƙwalwa da Nora Volkow, mai binciken jaraba a Amurka, da abokan aikinta suka ɗauka sun nuna raguwar waɗannan wuraren karɓa, nau'in D2, a jikin masu jarabar hodar iblis da giya da ƙwayar ƙara kuzari mai suna metamfetamin, an kuma ga irin haka a masu shan hiroyin. To, ranar da aka cire ƙwayar, sai a bar mutum da ƙwaƙwalwar da ta saba da ihu, alhali daɗin rayuwa na yau da kullum da raɗa yake magana. Albishir yana isa kunnensa, amma ba ya motsa komai a ciki. Wannan ba lalaci ba ne, kuma kiran sa malalaci yana daga cikin abubuwan da suke mayar da mutane ruwa.

Akwai wani abin da dangi ba sa saurin ganewa. Kent Berridge da Terry Robinson na Jami'ar Mishigan sun nuna cewa tsarin da ke sa a ƙwallafa rai a kan abu daban yake da tsarin da ke sa a ji daɗinsa. Mai jaraba yana iya kai matakin da ƙwayar ba ta ƙara yi masa daɗi ko kaɗan, amma ganin sirinji, ko wucewa ta wurin da ya saba saye, ko jin muryar tsohon abokin shan sa, ya tayar masa da ƙishirwarta nan take. Wannan ɓangare yana daɗewa fiye da azabar jiki ta kwanakin farko, shi ya sa ake iya komawa bayan dogon lokaci da dainawa. Ɓangaren goshi, wanda yake auna sakamako ya ce wa mutum dakata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, don haka wanda ya fara tun yana saurayi ya taɓa shi ne yana tsakiyar ginuwa. Ki lura kuma cewa hanyoyin da Likita ya ce HIV ta fi taɓawa su ne dai waɗannan hanyoyi masu amfani da dofamin. Nauyi biyu ne a kan wuri ɗaya.

Game da fata, akwai shi, amma ba da gaggawa ba. A wani bincike da Volkow ta wallafa a 2001, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu shan metamfetamin jim kaɗan bayan sun daina, aka sake ɗauka bayan wata 12 zuwa 17, aka ga tsarin dofamin ɗinsu ya farfaɗo sosai, ko da yake sakamakon gwajin tunaninsu bai inganta daidai da abin da hoton ya nuna ba. Binciken a kan metamfetamin aka yi shi, ba hiroyin ba, amma darasin tsawon lokacin ya shafi kowa. A masu barin giya ma ana ganin ƙwaƙwalwa tana mayar da wani ɓangare na girman da ta rasa cikin watannin farko.

Tambaya ɗaya nake so ki yi masa cikin lalama: a zamanin da yake allura, ya taɓa suma saboda ƙwayar ta yi masa yawa? Hiroyin tana danne numfashi, kuma kowane irin wannan suma yana hana ƙwaƙwalwa iska na ɗan lokaci, wurin ajiye sababbin abubuwan tunawa kuwa yana cikin waɗanda ba sa jure rashin iska. Haka nan faɗuwa ko duka a ka. Da yawa ba sa faɗa wa likita don kunya, likita kuma ba ya tambaya.

Tsohon Majinyaci ya amsa:

Hajiya, kada ku bar maganar hanta a baya. Ni ciwon hanta nau'in C kaɗai na yi fama da shi, babu HIV, amma shekaru na yi cikin gajiyar da barci ba ya kawar da ita, kaina kullum a cushe. Sai in karanta saƙo in kai ƙarshe, in ga ban riƙe farkonsa ba.

An fara gwada mini tsohon magani, wato allurar intaferon ta mako-mako haɗe da ƙwayoyin ribabirin, wanda ake ɗaukar mako 24 zuwa 48 ana yi. Ban taɓa sanin ciwon damuwa ba sai a kansa. Ina zaune lafiya sai hawaye, abu kaɗan sai faɗa da iyali. Daga baya na fahimci cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu karɓar wannan allura suna shiga irin wannan hali, domin intaferon sinadari ne na garkuwar jiki, kuma idan ya yi yawa yana taɓa yanayin zuciya kai tsaye. Na kawo wannan ne don ya nuna cewa kumburi a jiki yana iya zama baƙin ciki a rai, ba tare da wani abin baƙin ciki ya faru ba.

Wancan zamani ya wuce. Tun da aka amince da maganin hanta mai suna sofosbubir a ƙarshen 2013, magungunan da ake sha yanzu ƙwayoyi ne na mako 8 zuwa 12, kuma suna warkar da fiye da kashi 95 cikin 100, har da masu ɗauke da HIV da masu karɓar metadon. Da su na warke. Ba zan ce na koma ɗan saurayi ba, amma cushewar kan ta ragu ƙwarai a watannin da suka biyo baya.

Ki kuma nemi a duba ko hantar ta riga ta yi tabo mai yawa, tunda ya haɗa da giya, kuma HIV tana hanzarta lalacewarta. Hantar da ta gaza ba ta iya tace sinadarin amoniya daga jini, sai ya hau ka. Alamarsa ta farko ita ce juyewar barci, mutum ya wuni yana gyangyaɗi ya kwana ido biyu. Idan ya miƙe hannuwansa gaba ya ɗaga tafukan sama, za ki ga suna faɗuwa suna tashi da kansu. Taurin bayan gida yana tsananta shi, metadon kuwa yana kawo taurin bayan gida. Akwai maganin ruwa mai suna laktulos da ake bayarwa don haka.

Mai Nazari ya amsa:

Ina da ɗan ja da yadda Malama Ma'aikaciyar Farfaɗowa ta jingina komai da dofamin da hotunan ƙwaƙwalwa. Ban ƙaryata binciken ba. Tun da masanin Amurka Alan Leshner ya wallafa maƙalarsa a 1997 yana kiran jaraba ciwon ƙwaƙwalwa, wannan fahimta ta taimaka wajen rage tsangwama, ta sa aka fara kallon mai shaye-shaye a matsayin majinyaci. Amma tana da illar da ba a cika faɗa ba: dangin da aka gaya wa cewa ƙwaƙwalwar ɗansu ta lalace sukan cire rai, su daina ba shi aiki, su daina neman shawararsa, shi ma ya yarda cewa tasa ta ƙare. Ɓangare na farko na dangin Hajiya ga shi nan sun riga sun kai can.

A tuna da binciken Lee Robins a kan sojojin Amurka da suka dawo daga yaƙin Biyetnam a 1971. Kusan kashi 20 cikin 100 sun kamu da jarabar hiroyin ko makamantanta a can, hukumomi suka yi zaton annoba za ta biyo su gida. Da aka bi sawunsu, kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka koma jarabar a shekarar farko, kimanin kashi 12 cikin shekara uku. Ƙwaƙwalwarsu ta sha ƙwayar kamar ta kowa, abin da ya sauya shi ne wurin zama da abokan hulɗa da abin yi. Ba na cewa ƙanen Hajiya daidai yake da su, shi da ya fara tun yana yaro kuma yake ɗauke da cututtuka biyu. Ina cewa ne mutumin da ya rasa abokansa na da, ya rasa sana'a, yake ɓoye ciwonsa don gudun tsangwama, kuma yake jin ana gardama a kansa a cikin gida, zai iya yin shiru ya kwanta ko da ƙwaƙwalwarsa ƙalau take. A yi duk gwaje-gwajen da Likita ya lissafa, amma a tambaye shi kansa abin da yake ji, a kuma tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Yin wannan tambaya ba ya cusa wa mutum tunanin, kuma idan ya ce eh, maganar ta zama ta gaggawa.

Mai Jinya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna da shi mun yi magana, kuma ya amsa cewa ya taɓa suma ba sau ɗaya ba. Ya ce ba ya tunanin cutar da kansa. Amma ya faɗi wasu abubuwa biyu da ban sani ba. Na farko, tun da ya fara maganin HIV yake yin mafarkai masu firgitarwa, ya tashi da jiri da safe. Na biyu, metadon ba ya kai shi dare. Da yamma sai hamma da zufa da ciwon gaɓoɓi su taso masa, ya yi ta daurewa don kada a ce yana neman ƙari. Na duba kwalbar maganinsa na HIV, a cikin sunaye uku da aka rubuta akwai efabirenz. Wannan yana da alaƙa da abin da muke tattaunawa?

Mai Haɗa Magunguna ya amsa:

Yana da alaƙa sosai, Hajiya, kuma gara da kika duba kwalbar. Amma kafin komai, kada ya daina shan maganin HIV ko na rana ɗaya da kansa. Sauyawa ake yi, kuma likitansa ne zai yi.

Efabirenz magani ne mai ƙarfi da ya ceci rayuka masu yawa, sai dai an san shi da taɓa ƙwaƙwalwa: mafarkai masu nauyi, jiri, rashin barci, rashin natsuwa, wani lokaci har da ciwon damuwa. A wajen mafi yawan mutane wannan yana lafawa bayan makonnin farko, amma akwai waɗanda hantarsu take jinkirin narkar da shi saboda gadon halitta, sai ya taru a jininsu, matsalar ta ƙi wucewa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita dolutegirabir a matsayin maganin farko ga kowa a 2019. Shi ma yakan hana wasu barci, amma bai kai efabirenz ba.

Abin da yake ji da yamma kuwa ba kwaɗayi ba ne. Efabirenz yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da metadon da sauri, har adadinsa a jini ya iya raguwa da kusan rabi, don haka abin da ya kamata ya riƙe shi awa 24 sai ya ƙare tun rana ba ta faɗi ba. Mutumin da yake shiga ƙaramar azabar rashin ƙwaya kowace yamma, sannan ya kwana yana mafarkin tsoro, ba abin mamaki ba ne ya wayi gari da nauyin tunani. Maganin tarin fuka mai suna rifamfisin ma yana yi wa metadon irin wannan, idan wata rana aka rubuta masa shi. Dolutegirabir ba ya yin haka.

Sauyin zai kuma sauƙaƙa maganin hantar, domin wasu daga cikin magungunan ciwon hanta nau'in C ba a haɗa su da efabirenz, irin su belfatasbir, wani kuma kamar daklatasbir sai an ƙara yawansa. Kafin a fara su dole a gwada shi ciwon hanta nau'in B, saboda yakan farka ya yi ɓarna yayin da ake kashe nau'in C. Idan likita ya ga yana buƙatar maganin damuwa, ana iya haɗa shi da sauran, amma ya nisanci tiramadol, wanda yake iya jawo jijjiga kuma yake karo da irin waɗannan magunguna, ya kuma nisanci ƙwayoyin barci irin su diyazefam, domin haɗuwarsu da metadon tana danne numfashi.

Lokacin da ya fi buƙatar sa ido shi ne makonnin da za su biyo bayan cire efabirenz, musamman idan an riga an ƙara masa metadon don cike giɓin. Hanta za ta koma narkarwa a hankali, adadin metadon a jini ya riƙa hawa alhali abin da yake sha bai canja ba, don haka asibitin da ke ba shi metadon dole su san ranar da aka yi sauyin. Ki kula da barcin da ya wuce kima, da minshari mai nauyi irin wanda bai saba yi ba, da ƙanƙancewar baƙin ido, da leɓɓa masu komawa shuɗi. Ki nemi a ba ku naloksan, wato maganin da ke farfaɗo da wanda metadon ko hiroyin ta danne wa numfashi, ku ajiye a gida, a kuma koya muku yadda ake amfani da shi. Ƙarfinsa yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, metadon kuwa yana daɗewa a jiki fiye da haka nesa ba kusa ba, saboda haka ko ya farka ya ce ya warware, a wuce da shi asibiti.